Akun Imam da Mai Magana a Gaban Jama'a

Duk wanda aka taɓa miƙa wa jagorancin sujada, ko aka ce ya tashi ya yi wa baƙi barka da zuwa a taron gunduma, ya san yadda gwiwa take sanyi a wannan lokaci. Baki ya bushe, abin da aka shirya tun daren jiya ya watse, mutum talatin su zama kamar ɗari uku. Makarantun Littafi Mai Tsarki suna koyar da shirin wa'azi, amma littattafan da ake dogara da su galibi da Faransanci ko Turanci aka rubuta su, don masu sauraro na wata ƙasa dabam. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in dattijo ya shawarci saurayi mai koyon magana ya nemi Magana Jari Ce ya karanta. Shawara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi, kuma wanda ya karɓi shawarar ya bar sharaɗin zai iya zama gwanin baki wanda jama'a suke so, ba tare da maganarsa ta taɓa gyara kowa ba.

Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubutun Hausa ta 1933. Rupert East, Baturen da ke kula da ofishin fassara da talifi a Zariya, ya ga hannunsa, ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya yi wata shida a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939 don karatun 'yan makaranta. A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rasu a 1981. Littafin bai tsaya a Nijeriya ba. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, inda lakol ta zamanin Faransa ba ta koyar da Hausa, da yawa cikin masu bi sun koyi boko ne don su karanta Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda kuwa ya iya boko ba ya ƙyale littafin Hausa in ya iso daga Katsina ko Kano.

Ginshiƙin labarin sananne ne. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri, wanda ke kwaɗayin sarauta, ya haɗa baki da abokan gaba, yana jiran yaron ya sa ƙafa waje a gama da shi. Musa kuwa zuciyarsa tana wurin Mahmudu, abokin tasowarsa, wanda ya bi runduna. Kowane dare sai ya yi shiri ya zo wurin akunsa neman sallama, aku ya ja shi da labari har gari ya waye. Haka aka yi ta yi har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a madadinsa. A littafi na biyu Waziri Aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar. Wato daga farko har ƙarshe littafin a kan magana yake, ko da yake yara sukan karanta shi don Sahoro da Sahorama ne kawai.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara lura da shi shi ne, aku ba ya fara magana daga abin da ke ransa. Daga abin da ke ran Musa yake farawa. Yaro ne ɗan sarki, jininsa yana tafasa, kunyar zaman gida tana cinsa alhali tsaransa suna fagen fama. Da aku ya tare shi da hani, da magana ta mutu tun ba a fara ta ba. Sai ya nuna kamar yana tare da shi, ya yaba niyyar, sa'an nan ya jefa wata 'yar kalma da ke nuna cewa al'amarin nan ya yi kama da na wani. Musa ya so ya ji na wanin. Da ya nemi ji kuwa, ya riga ya zauna. Mai sauraro ne ya buɗe ƙofa da hannunsa, mai magana bai ɓalle ta ba.

Imam bai ƙago wannan dabara ba. Akun da ke tsare mutum da labari har asuba ya fito ne daga wani tsohon littafin Indiya, Shukasaptati, labarai saba'in na aku, wanda Nakhshabi ya sake tsarawa da Farisanci wajen 1330 da sunan Tutinama. A can matar wani ɗan kasuwa ce take so ta fita wurin kwarto bayan mijinta ya yi tafiya. A littafin Farisan tsuntsaye biyu ne a gidan. Ta farko da aka tambaya ta faɗi gaskiya tsirara, ta ce wannan abin kunya ne, matar ta fusata ta kashe ta nan take. Aku ya ga abin da ya sami 'yar'uwarsa, ya sake hanya. Tsuntsuwar da ta mutu ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi kuskure a hukuncinta ba. Kuskurenta ɗaya, ba ta dubi wadda take yi wa magana ba. Akun Imam ya gaji wannan darasi dukansa, Bahaushe ma ya riga ya san baki shi ke yanka wuya.

Ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Mai tatsuniya ba ya shiga labari sai ya ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa. Mai sallama ba ya wuce zaure sai an amsa masa. Wanda ya zo biko ko roƙon iri ba ya fara da abin da ya kawo shi, sai an gama gaisuwa, an tambayi gida da gajiya da ruwa. Duk waɗannan neman izinin kunne ne. Abin baƙin ciki, mutumin da ya san wannan sarai a ƙofar gidan surukinsa, in ya hau mumbari sai ya manta. A watan Yuli, sa'ad da rabin majami'a suka kwana suna duban gabas ko hadari zai taso, shuka tana ƙonewa a gona, sai ya buɗe takardarsa ya fara da nisan da ke tsakanin Koranti da Afisa. Abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ba wanda ya buɗe masa ƙofa. Bulus a Atina bai yi haka ba. Sai da ya zaga garin, ya ga bagadin da mutanen suka keɓe wa abin bautar da ba su san sunansa ba, daga nan ya ɗauko maganarsa, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 17.

Akwai kuma darasin da Imam kansa ya bayar, ba ta bakin aku ba, ta hannunsa. Labarai da dama a littafin aro ne: wasu daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu daga tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka tattara. An sha tattauna wannan aro, wasu har suna ɗaukarsa aibi. Ga mai koyon magana kuwa, nan ne makarantar take. A duba labarin Kalala da Kalalatu. A Jamus wata mai dafa abinci ce ta cinye kaji biyu da maigidanta ya sa a gasa wa baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon da wuƙar da maigidan ke wasawa, ta kuma ce wa maigidan baƙon ne ya gudu da kajin. Imam ya mai da ita matar aure, ya ba ta suna da ya yi daidai da na mijin, ya bar kunyar baƙo irin ta Bahaushe ta ɗaure labarin. Ba wanda zai karanta ya ji ƙanshin Jamus. Ƙashin bayan labarin yana nan yadda yake, amma nama da fata na gida ne.

Wannan shi ne aikin da ke gaban duk mai yi wa wani tafinta, a Yamai ne ko a Garwa ko a zangon Kumasi, da duk mai ɗauko tsarin wa'azi daga littafin Faransanci. Tafintan da ke bin mai magana kalma da kalma yana fitar da Faransanci ne sanye da rigar Hausa, tsofaffi su yi ta gyaɗa kai don ladabi, ba su kama komai ba. Haka mai wa'azin da ya kawo misalin mutumin da jirgin ƙasa ya bari a tasha, a ƙauyen da ba a taɓa ganin dogo ba. Da ya tsaya ya tambayi kansa abin da misalin yake so ya nuna, da ya same shi a kusa: ɗan ci-rani da ya makara komowa har aka yi shuka ba shi, ko wanda ya ci bashin hatsi da bazara zai biya ninki da kaka. Sai dai aikin yana bukatar mutum ya fahimci abin da ya aro har ƙashinsa. Wanda bai gane ba, in ya sake wa labari riga, yakan sake masa ma'ana ba da saninsa ba.

To, a nan sharaɗin yake shigowa. Mai karatu ya koma littafi na ɗaya ya yi wata tambaya mai sauƙi: bayan aku ya gama labarinsa, Musa ya sake ra'ayi? Bai sake ba. Washegari da dare ga shi nan ya komo da niyyarsa ta jiya, ba abin da ya ragu. Abin da ke tsare shi kowane dare daɗin labari ne da fitowar alfijir. Labarin bai shiga zuciyarsa ya juya ta ba, ya dai riƙe ƙafarsa har lokaci ya wuce. In an duba da kyau, aku bai rinjayi Musa ba ko sau ɗaya. Jinkirta shi ya yi, kuma abin da ya kawo ƙarshen matsalar komowar Sarki ne. Ga buƙatar labarin wannan ya isa, domin abin da ake nema shi ne yaron ya kwana da rai. Amma wanda ya tsaya gaban jama'a yana so mashayi ya bar sha, ko 'yan'uwa biyu da ke rigimar gona su sasanta, ko iyaye su bar 'yarsu ta gama makaranta, jinkiri ba ya yi masa amfani. Mutanensa za su fita ƙofa da tsakar rana, abin da ya bi su gida shi kaɗai ne ya samu.

Akwai irin wannan mai magana a ikilisiyoyi da yawa, kuma yawanci shi ne wanda aka fi gayyata. Yana da labari a kan kowane abu. Ya iya kwaikwayon muryar tsohuwa da tafiyar mai maye, majami'a ta yi ta dariya, ba mai gyangyaɗi. Ran Litinin a kasuwa ana maimaita labarin da ya bayar, amma in aka tambayi mai maimaitawar wace aya aka karanta, ko me aka ce a yi, sai ya yi shiru. Lahadi mai zuwa jama'a su komo kamar yadda Musa yake komowa, da shirin jiya a jikinsu, a sake ba su wani labari.

Kwatancin da ya fi haskaka wannan yana cikin 2 Sama'ila 12. Annabi Natan yana matsayi irin na aku: na ƙasa ne a gaban sarkin da ya riga ya sa an kashe Uriya, ba kuwa abin da zai hana shi ƙara wani. Shi ma bai shiga da zargi ba. Ya kawo labarin attajiri mai garkuna da matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya tak, wadda attajirin ya ƙwace ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya buɗe ƙofa da hannunsa, ya husata, ya yanke hukunci. Har nan dabarar ɗaya ce da ta aku. Bambancin shi ne, labarin Natan gajere ne, ayoyi huɗu kacal, kuma da ya ƙare bai bar sarki ya tafi da daɗinsa ba. Ya juya hukuncin ya ɗora a kan wanda ya yanke shi. Wannan juyawar ita ce wurin da ake iya rasa kai, ita ce kuma aku ba ya yi. Mai koyo zai sami rabin farko na aikin Natan a wurin Imam, a shafi bayan shafi, fiye da yadda zai same shi a kowane littafin koyon wa'azi. Rabi na biyu ba ya nan.

Littafi na biyu ya ƙara fito da matsalar, domin a can magana ta zama gasa. Aku biyu suna baje kolinsu a gaban sarakuna, kowa yana neman a ce shi ya fi. Karatunsa yana da daɗi ƙwarai, amma ma'aunin da yake koya wa mai karatu shi ne yabon masu sauraro. Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, malamin koyar da iya magana ne kafin ya tuba, ya kuma san ɗanɗanon tafi. A littafin da ya kammala wajen 426 a kan koyarwar Kirista, ya bi Shisharon na Roma wajen cewa mai magana yana da aiki uku, ya koyar, ya faranta, ya motsa. Sa'an nan ya ba da labarin abin da ya same shi a 418 a Kaisariya, wadda a yau ake kira Sharshal a bakin tekun Aljeriya. Mutanen garin suna da wata al'ada, kowace shekara su rabu gida biyu su yi kwanaki suna jifan juna da duwatsu, ɗan'uwa ya kashe ɗan'uwa. Ya yi musu wa'azi da iyakar ƙarfinsa, suka yi ta sowa suna yaba shi. Bai ɗauki sowar a bakin komai ba. Sai da ya ga hawaye sa'an nan ya tsaya, ya san maganar ta kai. Lokacin da yake rubuta labarin an yi wajen shekara takwas ko fiye ba a sake jifan ba. Da alƙalan gasar Aku da Haziƙ ne, da sun tsaya tun a sowa.

Kalalatu ma ta cancanci a sake dubanta ta wannan fuska. Cikin mutanen labarinta ba wanda ya kai ta iya magana. Ta san baƙo matsoraci ne a gidan da ba nasa ba, ta ba shi abin tsoro. Ta san mijinta yana jin ciwon kajinsa, ta ba shi ɓarawo. Kowane mai sauraro ta auna shi daidai, ta faɗa masa abin da zai tashe shi da gudu, duka kuwa ƙarya ne. Labarin na dariya ne, ba laifi a yi dariya. Amma sunan littafin ya kira magana jari, jari kuwa ana sayen hatsi da shi a rani a taimaki gari, ana kuma ɓoye hatsin da shi har sai yunwa ta tsananta. Sanin mai sauraro kayan aiki ne da mai gaskiya da mayaudari suke saya a rumfa ɗaya. Masu tallar maganin da ke warkar da cuta arba'in a tashar mota sun san mai sauraro fiye da fastoci da yawa.

Kada a zalunci aku. Tsuntsu ne a keji, a gidan sarauta, ransa yana hannun yaron da yake magana da shi. Yawan kirari da fadanci da ke bakinsa, har da yabon kansa da yake yi ba kunya, harshen fada ne, inda na ƙasa ba ya samun faɗin gaskiya sai ya naɗe ta cikin ladabi ninki bakwai. Akwai kuma masu bi da yawa da ke magana daga irin wannan matsayi: sabon mai bishara ɗan shekara ashirin da biyar a gaban dattawan da suka ga haihuwarsa, shugabar zumuntar mata da aka ba minti biyar a taron da maza suka cika, wakilin 'yar ƙaramar ikilisiya da ya je gaban mai gari neman filin maƙabarta. Waɗannan in suka ɗauki hanyar tsuntsuwar Tutinama, ba za a kashe su ba, amma ba za a sake kiransu ba. Su ne suka fi kowa bukatar haƙurin aku da iya zagayensa. Abin da ake roƙonsu kawai shi ne zagayen ya kai wani wuri. Wanda ya je gaban mai gari ya yi gaisuwa ya yi kirari ya kawo karin magana uku, ya fito bai ambaci filin ba, ya yi tafiyar banza.

Littafi na uku yana da wani abu da ya fi labaran da ke cikinsa daraja, wato tsarinsa. Uba ne ya zaunar da ɗansa yana koya masa magana. Ma'anar wannan ita ce iya magana ba gado ba ne da ke bin jini, ko ɗan Waziri Aku sai an koya masa. Mutane da yawa suna ɗaukar abin baiwa ce kurum, wane an ba shi baki, wane ba a ba shi ba, da wannan sai wanda ya yi rawar murya a karo na farko ya janye har abada, wanda kuwa ya sami yabo a karo na farko ya daina koyo. Na biyun ya fi zama abin tausayi. A ƙofar majami'a kowa yana miƙa masa hannu yana cewa an ji daɗi, Allah ya ƙara basira. Zai iya yin shekara ashirin yana haɗiye ƙarshen jimlolinsa, yana cewa “wato” sau ɗari a wa'azi guda, yana kallon rufi maimakon mutane, ba wanda ya taɓa gaya masa, don kunya. Fasih yana da wanda zai ji shi ya gyara masa. Mai wa'azin ƙauye sau da yawa ba shi da kowa sai matarsa, ita ma sai in ya ba ta fuska.

Wani abin da mai koyo zai yi hattara da shi shi ne tsawo. Aikin aku cinye dare ne, gwanintarsa ita ce kada labari ya ƙare da wuri. Wanda ya ɗauki wannan ya kai shi ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, mata da goyo, yara sun fara kuka, tsofaffi sun zo a ƙasa daga ƙauyen da ke nesa, ya zalunci mutane. Masu dogon wa'azi sukan fake da Bulus, wanda ya yi magana har tsakar dare a Taruwasa. Sukan manta cewa daren bankwana ne, washegari zai tashi, sukan kuma manta da Aftikos, saurayin da barci ya kwashe a taga ya faɗo daga bene na uku.

Akwai kuma abin da ba Imam kaɗai ba, ba wani littafi da zai iya bayarwa, wato murya. Aku a takarda yake magana, ba a jin inda ya ja numfashi, ba a ganin inda ya tsaya ya bar shiru ya yi aiki. Ba shi da taron da zai raba wa ido, mai sauraronsa ɗaya ne, yana zaune kusa da shi. Mai tsayawa gaban mutum ɗari biyu yana da wata matsala dabam: tsohuwar da ke bencin baya, wadda kunnenta ya yi nauyi. In ita ta ji, kowa ya ji. Lasifika ba ta warware wannan ba, ta ma ƙara shi a wurare da yawa, domin wanda ya manna baki a makirfo yana ihu, ƙara yake aikawa, kalmomin sun narke a hanya. Makirfo yana son a ba shi tazarar tafin hannu a yi magana kamar ana hira, a buɗe baki, a kai kowace jimla ƙarshenta.

A nan ne littafin Imam yake da wani amfani da ba a cika ambata ba. Hausarsa ta baki ce da aka zuba a takarda, jimlolinsa suna yankewa inda mai magana zai so ya huta, don haka ya dace da motsa baki. Mai koyo ya ɗauki shafi ɗaya ya tsaya ya karanta da ƙarfi a majami'a ran da ba kowa, wani ya zauna a bencin ƙarshe ya ɗaga hannu duk inda kalma ta ɓace masa. Nan da nan zai ci karo da abin da ke kayar da masu karanta nassi ran Lahadi. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, a Magana Jari Ce haka yake, a Littafi Mai Tsarki na 1932 da na 1979 ma haka. Haruffa huɗu ne suke rubuta garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, haka kukan yaro da kukar miya, haka farin tufa da farin da ke kashe shuka. Ido yana ganin kalmar kafin hankali ya san wacce ce, wanda bai karanta ayar a gida ba sai ya kai tsakiyar jimla sa'an nan ya gane ya ɗauki wadda ba ita ba, ya koma baya, jama'a su rasa zaren. Masu karatun da suka daɗe a aikin sukan bi nassin tun ran Asabar da fensir, su ja layi ƙarƙashin irin waɗannan kalmomi da sunayen Ibraniyawa masu wuyar faɗa, su sa 'yar alama a inda za su ja numfashi.